Kwamfutar Mai Amo da Murafun Kwalba Huɗu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

To. Akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Amo. Sana'arsa dije ce, wato irin masu sa kiɗa a wurin taro. Amma abin da ya yi masa suna shi ne karoke. In ba ku san shi ba, kiɗa ne ake saki babu muryar mawaƙi a ciki, kalmomin waƙar kuma suna tafiya a kan babban allo, kowace kalma tana canza launi daidai lokacin da ya kamata a faɗe ta. Mai so sai ya ɗauki makirufo ya bi su. Mai murya ya yi, mai muryar kwaɗo ma ya yi, a yi dariya a tafa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki a wani zauren shaƙatawa, duk Asabar da la'asar, iyaye da 'ya'yansu su cika wuri.

Matarsa kuwa Shiru ake ce mata, kuma sunan ya bi jiki. Ita ke naɗe wayoyi, ita ke goge makirufo, ita ke rubuta sunayen masu son yin waƙa a takarda. Kwamfuta dai ba ta taɓa sa mata hannu ba. Tsoronta take ji kamar abin da zai cije ta.

Wata safiya Mai Amo ya sunkuya zai ɗaure takalmi, sai ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya tashi daga asibiti da hannun dama a sake, ƙafa tana ja, magana kuwa ta tafi. Mutumin da bakinsa ke ciyar da gida, ya dawo ba shi da komai sai "to" da "a'a". Rubutu ma ya ƙi, in ya kama alƙalami da hagu sai haruffan su watse masa.

Likitar da ke koya masa magana ce ta gano wani abu. Ta ce a sa masa kiɗa, a sa kalmomi a allo. Aka sa. Wallahi mutumin da bai iya cewa "ruwa" ba, sai ga shi yana rera baiti sukutum, a hankali, da karkataccen baki, amma kowace kalma ta fita. Shiru ta zauna a ƙasa tana kallonsa. Likita ta ce hanyar waƙa daban take a ƙwaƙwalwa, kalmomin allo su ne igiyar da yake riƙewa. In igiyar ta tsinke, faɗuwa zai yi.

Ta kuwa tsinke. Kullum da safe suna gwaji a falo da tsohuwar kwamfutarsa, da wata waƙa da shi ya tsara da kansa tun yana da lafiya. Ranar nan yayarsa ta zo, wata tela mai baki da faɗa da son ƙanenta kamar ranta, har ta jawo maƙwabta biyu su zo su ji abin mamaki. Yana tsakiyar baiti na biyu kwamfutar ta daskare. Kalmomi suka tsaya cak. Shi ma ya tsaya, baki a buɗe. Ya yunƙura ya ci gaba da kansa, abin da ya fito sai wani gurnani kamar na dabbar da aka taka. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ce, "Allah sarki." Wannan "Allah sarki" ita ta ƙarasa shi. Ya ja ƙafa ya shiga ɗaki, ya juya fuska ga bango. Kwana tara. Abinci sai cokali biyu, shi ma sai Shiru ta yi kuka. Likita ta zo ta duba shi, ta ja Shiru waje ta ce, "Kada a bari haka ta sake faruwa. Na ga waɗanda suka rufe baki a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba su sake buɗewa ba."

Kwamfutar kuwa daga ranar ba ta sake kamawa ba. Sa'a ɗaya, waƙoƙin duka suna cikin wani ƙaramin akwatin ajiya da ake jona wa da waya.

Rana ta goma mai zauren ya zo gaisuwa. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana magana da bayan Mai Amo. Ya ce mutanen Asabar sun dame shi da tambaya, suna so a dawo da wasa wannan makon ko da matarsa ce za ta riƙe na'ura, shi dai ya zo ya zauna su gan shi. Sai gado ya motsa. Mai Amo ya juyo. Ya nuna ƙirjinsa da hagu, sannan ya nuna makirufo da ke rataye a ƙusa.

"Waƙa za ka yi?" in ji Shiru. "A gaban mutane?"

"To," in ji shi.

Mai zaure ya tafi yana murna. Shiru ta shiga kicin ta riƙe bakin tebur. Mutum uku suka gan shi ya faɗi, ya yi kwana tara. Yanzu mutum ɗari biyu za su taru. Kuma ita, ita da ba ta san gaban kwamfuta da bayanta ba, ita za ta zaɓo wadda za ta riƙe masa igiya. Kwana huɗu suka rage.

Ta dawo ta durƙusa gabansa. "Baban yara, wace iri zan sayo? Ka nuna mini ko da hannu ne."

Ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya san amsar, tana ganin amsar a idonsa, amma ba ƙofar fita. Ya daki katifa. Can sai ya miƙa ƙafarsa mai lafiya ya turo mata jakar aikinsa, baƙa, mai ƙura, wadda ba a buɗe ba tun da ya kwanta.

Yaya, telar nan yayarsa, ita ce ta karɓi jakar. "Wannan kazantar za ki shiga da ita cikin mutane? Kawo nan." Ta zazzage ta a tsakar gida: wayoyi kala-kala, makirufo biyu, ƙaramin akwatin da ke haɗa sauti, salatif, tocila. A ƙaramin aljihu kuma murafun kwalbar lemo guda huɗu, sun lanƙwashe sun yi tsatsa. Yaya ta ce, "Ji mutum, har shara yake tarawa." Ta watsa su cikin kwandon shara. Shiru ta gani, ta kawar da kai. Hankalinta yana kasuwa.

Washegari su biyu suka tafi layin masu kwamfuta, Shiru na rungume da jaka, Yaya na ɗauke da ƙaramin talabijin na falo a ka, don Shiru ta tuna mijinta bai taɓa zuwa sayen na'ura ba tare da kayansa ba. Shagon da suka shiga duk gilashi ne da fitilu, sanyi kamar cikin firij. Mai shagon, wani gaye mai ƙamshin turare, ya tare su.

"Anti, sannu da zuwa. Ta 'yan makaranta ce ko ta ofis?"

"Ta waƙa," in ji Shiru, murya can ƙasa.

"Ta dije take nufi," in ji Yaya. "Ka ɗaga kunne, yaro, ita ba ta ɗaga murya."

Ya ɗauko wata siririya mai launin azurfa, ya ɗaga ta da yatsa biyu. "Wannan ita ce ƙarshe. Ba nauyi, ba ƙara. Ki sa ta a jakar hannu ki manta da ita." Ya buɗe, allon ya haska kamar ruwan rijiya. Ya jero mata lambobi da sunaye har kanta ya fara juyawa. Ita dai kunya da tsoro sun rufe ta, so take ta biya ta gudu. Abin da ke jakarta kuwa ba ya sayen biyu, in ta yi kuskure shi ke nan. Har ta kai hannu ga zip, sai ta taɓo wayoyin.

Ta fito da ta farko, mai faɗin kai, wadda ke zuwa babban allo. Ta juya siririyar dama da hagu. "Ina zan sa wannan?"

"Akwai 'yar mahaɗa da za ki saya, ki jona."

Ta fito da ta akwatin sauti. "Wannan fa?"

"Ita ma mahaɗa."

Ta fito da ta akwatin waƙoƙi. Ramuka biyu kacal ne a jikin kwamfutar, ƙanana kamar hancin ɓera, ɗaya kuma na caja ne. Sai ta tuna wata Asabar da wani yaro ya gifta ya taɓa irin wannan mahaɗa mai lilo, allo ya ɗauke, Mai Amo ya dawo gida ya jefa ta bayan katanga.

"A'a," in ji ta. Ita kanta ta yi mamakin jin muryarta.

Mai shago ya ɓata fuska. "Anti, kin san kwamfuta ne?"

"Ba ta sani ba," in ji wata murya daga can ciki, "amma ta san waya. Turo min su."

Bayan labule akwai wani ɗan lungu mai zafi, da wani tsoho mai gyara, gilashi biyu a hanci ɗaya bisa ɗaya. Teburinsa na ragar ƙarfe ne, ana ganin ƙafafunsa ta ƙasa. Ya sa ta ba shi labari. Ta ba shi, har da kwana taran. Ya cire gilashi ɗaya ya goge.

"'Yata, ba kyakkyawa kike nema ba, jaki kike nema mai ɗaukar kaya." Ya jawo wata baƙa mai kauri daga ƙarƙashin tebur, gefenta a goge, an ce daga wani ofis ta fito. "Duba nan. Ramin babban allo nata na kanta, ba mahaɗa. Mai waƙa yana ganin kalmomi can, ke kina ganin jerin sunaye nan. Ramukan jona kaya huɗu. Kusa da sifika kuke ajiye ta?"

"Taku biyu."

"To ma'ajiyarta ta ciki mai juyawa ce kamar faifai, in ganga ta buga sai ta yi tsalle. Zan cire in sa mata marar motsi. Zan ƙara mata ƙwaƙwalwa, don ta riƙe kiɗa da hoto lokaci ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Kuma kada ki bar ta ta shiga intanet ranar wasa, sai ta ce za ta sabunta kanta a tsakiyar waƙa."

"Wannan mummunar?" in ji Yaya. "Kamar murfin tukunya."

"Uwa, ke ma ba don kyau aka zo da ke ba, don ɗaukar talabijin ne."

Yaya ta galla masa harara. Ba a saba yi mata haka ba.

Da ya gama aikinsa ya ce ta biya ta tafi. Shiru ta girgiza kai. Mijinta ba ya karɓar na'ura sai ta yi awa biyu tana waƙa a gabansa, wannan kam ta sani, don ta sha zaman jiransa a kan benci. Tsoho ya yi dariya ya ce wannan mijin nata ɗan sana'a ne. Suka jona komai: talabijin, akwatin sauti, akwatin waƙoƙi, makirufo. Ya ce ta yi magana a ciki a ji ko murya na makara. Shekara goma sha ɗaya tana goge makirufo, ba ta taɓa kai shi baki ba. Ta ce "ɗaya, biyu" kamar mai raɗa a gidan rasuwa. Yaya ta fizge ta saki wata murya da ta sa mai shagon gaba ya leƙo a guje, ya ɗauka wani abu ya ƙone.

Awa biyu Shiru na tsaye, idonta a kan kalmomi, tana jiran su tsaya. Duk sanda launi ya tsallaka daga kalma zuwa kalma sai ta saki numfashi kaɗan. Ba su tsaya ba. Kwamfutar na zaune a kan ragar ƙarfe tana hura iskarta hankali kwance.

A gida Mai Amo ya karɓe ta a cinya. Ya juya ta da hagu, ya bi ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙasanta inda fanka take. Ya dubi matarsa. "To," in ji shi, da ƙarfi. Suka gwada waƙarsa sau ɗaya a ranar, sau ɗaya washegari, minti biyar-biyar. Lafiya lau.

Amma Yaya abin bai kwanta mata ba. Ƙanenta zai fita gaban jama'a bayan wata bakwai, a gan shi da wannan gogaggiyar aba? Ta auna ta da tef ba wanda ya lura. Ta je shagonta ta ɗinka mata riga ta karan-miski ja, da soso a ciki don kada ta bugu, ta rufe ƙasa da gefe ruf, ta bar 'yan ƙofofi daidai wayoyi, ta sa igiyoyi huɗu na ɗaurewa. Aiki ne mai kyau, ba ƙarya. Ɗinkin Yaya ba ya ɓaci.

Asabar ta zo. Zauren ya cika tun kafin lokaci, rana na dukan rufin kwano, fankokin sama suna juya zafi kawai. Aka zaunar da Mai Amo can gaba kusa da dandamali, mutane na zuwa suna riƙe hannunsa. Teburin na'ura yana baya, gefen sifika, an lulluɓe shi da zane mai kauri. Nan Yaya ta fito da kyautarta ta sa wa kwamfuta, ta ɗaure tamau.

"Yaya, anya?" in ji Shiru.

"Anya me? Ko amarya ba ta fi ta ba yanzu. Ke dai danna abinki."

Shiru ta danna. Ta rubuta matakan a bayan takardar sunaye, tana bi ɗaya-ɗaya, yatsunta na zamewa don gumi. Waƙa ta farko ta wuce. Ta biyu. Wata malamar asibiti ta yi, wasu 'yan mata uku suka yi tare suna ture juna. An sa Mai Amo a ƙarshe, don a rufe da shi. Awa ɗaya ta wuce, Shiru har ta fara jin ƙafafunta a ƙasa.

Sai ta ji wani kuka siriri, kamar sauro a kunne. Daga cikin jar rigar yake fitowa. Kukan ya yi ta hawa.

Wani direba mai tumbi ne a kan dandamali lokacin. Tsakiyar waƙarsa launin kalmomi ya tsaya, kiɗa ya ci gaba, sannan launin ya yi tsalle ya haye layi guda. Direba ya rikice, ya ce, "Kai, ta wuce ni ba ta ba da hannu ba!" Zaure ya fashe da dariya. Shiru ba ta yi dariya ba. Mutum biyu suka rage kafin mijinta.

Ta duba wayoyi, kowace tana raminta. Intanet a kashe. Ta duba takardarta, ba matakin da ya ce ga abin yi. Ta kira tsoho mai gyara, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Mai bi wa direba ya hau, kalmomi suka tsaya sau uku, kiɗan ma ya fara in'ina.

"Yaya, ta lalace. Na sayo lalatacciya." "Ki je ki ce ba zai yi ba. Ki ce ba shi da lafiya."

"In ce masa me? Kin ga yadda ya sa aka goge masa riga sau biyu? In kika hana shi yau, bangon nan zai koma."

"In ya hau ma bangon ne."

Suka dubi juna. Sannan suka dubi gaba. Kujerar Mai Amo ba kowa.

Yana tahowa. Ya ji in'inar kiɗan tun kafin kowa, kunnensa ba abin da ya same shi. Ya taso ba sanda, yana jan ƙafa ta tsakiyar zaure, yana dafa bayan kujeru. Mutane suka ɗauka gaisuwa yake zagayawa, suka hau tafi. Shi ko kallonsu bai yi ba. Shiru ta ƙirga takunsa, tana jin kowane ɗaya a ƙirjinta, tana jira ya faɗi. Bai faɗi ba. Ya iso ya dafa tebur, ya ga jan karan-miski. Idonsa ya fito. Ya tura hannun hagu ƙarƙashi, ya fizge shi da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"A'a!" in ji shi. "A'a, a'a!" Ya kama igiyar rigar yana ja, hannu ɗaya ba ya kwance ƙulli.

"Auta, aikin kwana guda ne fa," in ji Yaya. Sai ta sa nata hannun ta ji zafin. Tela ba ta rabuwa da almakashi. Ta zaro shi daga jaka ta yanke igiyoyin nan huɗu, ta yage rigar da hannunta. Wani zafi ya buso kamar an buɗe tanda.

Mai Amo bai tsaya ba. Ya jawo baƙar jaka, ya zura yatsu a ƙaramin aljihu. Ya lalube. Ya sake lalubewa. Ya ɗago ya dubi Shiru.

Nan take ta gani. Shekara goma sha ɗaya, duk Asabar, tana durƙushe tana warware waya, shi kuma yana ɗaga kwamfuta ya tura wani abu a kowace kusurwa kafin ya kunna. Ta sha gani da gefen ido, ba ta taɓa tambaya ba. Ɗaga ta yake daga kan zane don fanka ta sami iska ta ƙasa. A shagon tsoho ragar ƙarfe ce ta yi wannan aikin, a gida kuwa minti biyar ba ya isa ta yi zafi.

"Murafun," in ji ta. "Yaya, murafun da kika zubar!"

Yaya ta waiga. Akwai kwalaben lemo a cikin bokitin ƙanƙara a teburin kusa, na wasu mutane, ba mabuɗi a gani. Ta ce, "Ku yi haƙuri, bayin Allah," ta ɗauki kwalba ta kai haƙori. Fau. Fau. Fau. Fau. Mace mai jikoki shida. Ta tofa murafu huɗu a tafin Shiru, ta miƙa wa masu lemo kwalabensu a buɗe.

Shiru ta yaye zanen tebur, ta ɗaga kwamfutar duk da tana ƙona mata yatsu, Mai Amo ya tura murfi a kowace kusurwa da hagu, a natse, kamar jiya ya bari. Yaya ta kama yagaggiyar rigar tana yi mata fifita. Ya ɗaga yatsu biyar: a ba ta minti biyar. Ya dakatar da kiɗa.

Zaure ya yi tsit. Mutum ɗari biyu suka juyo baya. A da, irin wannan gurbi Mai Amo ke cikewa da barkwanci har a manta an tsaya. Ya ɗauki makirufo na biyu daga tebur, ya dube shi, ya miƙa wa matarsa.

Ta riƙe shi da hannu biyu.

"Jama'a," in ji ta. Muryarta ta dawo mata daga bango, ta tsorata ta. "Na'ura ta ji zafi. An sa mata rigar sanyi a wannan rana." Wani ya tuntsire da dariya. "Wadda ta ɗinka ga ta nan tana fifita, ku gan ta da kyau, kada ku kai mata ɗinkin bazara."

"Za mu haɗu a gida!" in ji Yaya, ba ta daina fifita ba. Zaure ya ɗauka. Shiru ta ci gaba, ita ma ba ta san daga ina maganar ke fitowa ba. Ta ba su labarin mai shago da ramukansa biyu, ta ba su na "ɗaya, biyu". Kunnenta ɗaya yana kan kukan sauron nan. Yana sauka. Yana sauka. Ya koma huci mai laushi.

Mai Amo ya sa hannu a ƙasa, ya jima. "To."

Wanda ya rage kafin shi ya ce ya yafe layinsa. Maza biyu suka raka Mai Amo har kan dandamali, suka sauka suka bar shi shi kaɗai da allo. Shiru ta ɗora yatsa a kan maɓalli. Ta kasa dannawa. Yaya ta dafa mata kafaɗa, ta danna.

Kiɗa ya tashi. Layin farko ya fito, launi ya hau kalma ta farko.

"Na bar fitila a taga," ya rera, "don mai dawowa ya ga hanya."

A hankali, baki a karkace, amma ta fita. Ba wanda ya ce "Allah sarki". Shiru ba ta kalle shi ba ko sau ɗaya, launin nan take bi, kalma bayan kalma, ba ta ƙifta ido. Baiti na farko ya wuce. Na biyu, inda ya faɗi a falo, ta daina numfashi gaba ɗaya har ya haye. Ana cikin na uku launin ya ɗan tsaya. Bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma ta ga kafaɗarsa ta ƙage, bakinsa ya buɗe ba sauti. Makirufo na biyu yana hannunta har yanzu, a kunne. Waƙar da ta ji kullum da safe wata da watanni. Ta rera masa kalmar, "hanya", guda ɗaya tak, da muryarta mai rawa. Ya kama. Launi ya motsa. Ya kai ƙarshe.

Tafin da aka yi ban iya kwatanta muku shi ba. Shiru dai ba ta tafa ba, tana zaune a ƙasa bayan tebur, ta rungume baƙar jaka. Sai da Yaya ta ɗura mata sauran lemon mutane sannan ta iya tashi.

Mai Amo bai koma bango ba. Maganarsa ba ta dawo duka ba, amma ta ƙaru, yanzu yana kiran ruwa da sunansa, yana kuma rufe wasa da waƙa ɗaya duk Asabar. Shiru ce ke riƙe na'ura da makirufo, sunan ne kawai ya rage mata. Tsoho mai gyara ya kira washegari, ya ji labari, ya aiko da ƙaramar ragar ƙarfe, Mai Amo ya ƙi ta, ya ce a'a, murafunsa sun ishe shi. Yaya ta rasa gefen haƙori ɗaya, ta mai da jan karan-miskin matashin kujera. Kwamfutar tana nan baƙa, gogaggiya, tana aiki a kan murafun kwalba huɗu.